Koyon Nahawun Klingon Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

A shekarar 1984 ne aka fito da fim na uku cikin jerin finafinan Star Trek a ƙasar Amurka, inda aka ji waɗansu halittu na almara da ake kira Klingon suna magana da harshensu. Wani masanin kimiyyar harshe mai suna Marc Okrand ne ya ƙera harshen, ya kuma wallafa ƙamusunsa a 1985. A 1992 aka kafa cibiya ta musamman don nazarinsa. Jama'a da dama na ganin koyonsa wasan yara ne. Amma duk ɗalibin da ya zauna da nahawunsa na 'yan makonni zai fahimci cewa akwai darasi a ciki.

Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne ginin jumla. Bahaushe kan fara da aikau, sai aikatau, sannan karɓau, ya ce yaro ya ci abinci. A Klingon juya tsarin ake yi: Soj Sop puq, wato abinci, ci, yaro. Da gangan Okrand ya zaɓi wannan jeri saboda ƙarancinsa a harsunan duniya. Hixkaryana na ƙasar Brazil na cikin 'yan ƙalilan da ke bin sa. A nan ne ɗalibi zai gane cewa jerin da ya tashi da shi ba dokar hankali ba ce, al'adar harshensa ce kawai.

Sai kuma ginin kalma. Ɗafa-goshi guda ne ke nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Alal misali, saiwar legh tana nufin gani, to qalegh na nufin ina ganin ka, cholegh kuwa kana gani na. Ɗafa-ƙeyar suna aji biyar ce, ta aikatau aji tara, kowane da gurbinsa a jere. Jam'i ma iri uku ne: -pu' ga masu iya magana, -Du' ga gaɓoɓin jiki, -mey ga sauran abubuwa. Saboda haka mai koyo bai kamata ya soma da haddar kalmomi ba. Ya fara da jadawalin ɗafa-goshi da jerin jumla, domin su ne ginshiƙin ginin.

Mai jin Hausa ma yana da ɗan sauƙi ta fuska biyu. Alamar hamza baƙi ce mai zaman kanta a Klingon, kamar yadda take a kalmar sa'a. Haka nan aikatau ɗin Klingon ba ya nuna jiya ko gobe, sai dai ko aiki ya kammala ko yana ci gaba, abin da ya yi kama da bambancin ya tafi da yana tafiya.

Masu suka na cewa ina amfanin harshen almara alhali harsunan gaske na mutuwa? Tambayar na da nauyi. Sai dai shi kansa Okrand digirinsa na uku a kan Mutsun ya yi shi, wani harshen 'yan asalin Kaliforniya da ya rasa masu magana da shi tun ƙarnin da ya wuce. Horon da ya samu wajen feɗe harshen gaske shi ya ba shi ikon ƙera na almara. Ɗalibi na iya bin hanyar ta baya: ya gwada hannunsa a kan nahawu mai tsari da ƙarancin togaciya, sannan ya ɗauki littafinsa ya nufi ƙauyen da tsofaffi kaɗai suka rage masu jin harshen kakanninsu. Da koyo akan iya, in ji masu iya magana.