Kwamfutar ofis ta daina jiran yatsa bayan an kawo wuta

Mutumin Kano ya san abin yi idan aka ɗauke wuta: ya zare soket, ya tashi janareta, ya juya layi. Mazaunin Jidda ya manta wannan karatu, don wutar nan takan yi watanni ba ta ko ƙifta ba. Amma tana ɗaukewa. A watan Yunin 2010, da zafin Jidda ya kai maki 52, an yi fama da ɗaukewar wuta a garin. Ni aikina kula da kwamfutocin wasu ofisoshin kago da ke tura kayan alhazai da 'yan kasuwa zuwa Kano da Yamai, kuma ra'ayina shi ne duk kwamfutar da ke aiki ba kowa a gabanta a saita ta ta tashi da kanta.

Wani Alhaji mai ofis kusa da Bab Makka ya tafi ziyara Madina, yana leƙa lissafin kaya ta waya daga kwamfutar ofis. Daren Juma'a wuta ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. Firji ya ci gaba da ƙugi, fitilar ƙofa ta kama, kwamfuta ko oho. Ofis a kulle, yaron da ke riƙe da mabuɗi ya tafi Umra, ga mai kaya daga Kantin Kwari yana ta kira a ba shi lambar buhunansa. Kyamarorin tsaro ma a wannan kwamfuta suke ajiye hoto. "Malam, ashe injin nan sai an lallashe shi?" abin da Alhajin ya tambaye ni ke nan ranar Asabar.

Da can ba a lallashi. Tsofaffin kwamfutoci makunninsu irin na fanka ne, idan ka bar shi a kunne, wuta na dawowa sun tashi. A 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, maɓallin gaba ya koma ɗan aike kawai, yana gaya wa allon ciki a tashi. Tun daga nan shawarar abin da za a yi bayan wuta ta dawo ta koma cikin bayos, shafin nan da ke buɗewa kafin Windows. Ana shigarsa da F2 a Dell, F10 a HP, a wasu kuma Del. Dell na kiran wurin AC Recovery, HP na cewa After Power Loss. Zaɓi uku ne: ta zauna a kashe, ta kunnu, ko ta koma halin da wuta ta bar ta. Galibi a kan na farko ake sayar da ita.

Masu gyara da yawa na son na uku, wai ya fi hankali. Ban yarda ba. Idan akwai UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, da ke umartar kwamfuta ta rufe kanta lafiya kafin batir ya ƙare, to halinta na ƙarshe a kashe ne, kuma a kashe za ta zauna. Na biyu nake zaɓa. Ko shi ma da tarko: in wuta ta dawo bayan kwamfuta ta rufe amma UPS bai mutu ba, allon bai ga yankewar komai ba, ba zai motsa ba. Sai an saita UPS ɗin ya yanke wutar da yake bayarwa, sannan ya maido. A kuma tabbata manhajar kyamara da ta leƙe daga nesa suna tashi tun kafin a sa kalmar sirri. Ɗan batirin nan na allon ciki mai kama da kwabo, CR2032, in ya mutu yakan tafi da saitin gaba ɗaya.

Masu adawa suna da hujja, kuma a Jidda hujjar ruwa ce. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta ci rayuka fiye da 100, ranar 24 ga Nuwamba 2022 kuma aka auna ruwan sama milimita 179 cikin sa'o'i 6 a kudancin gari. Kwamfutar da ta sha ruwa a ƙasan tebur ba a so ta tashi da kanta. Gaskiya ne, sai dai maganinsa a ɗaga ta daga ƙasa, a kashe babban makunni ranar da hukumar yanayi ta yi gargaɗi, ba a bar ofis makaho sauran kwanakin shekara ba.

'Yan'uwa na gida kuwa kada su kwafi wannan ido rufe. Inda ake kawo wuta ta ɗauke sau uku cikin minti biyar, ko ta dawo da ƙarfin da ke ƙona kwan fitila, kwamfutar da ke zabura duk sanda aka kawo za ta lalata faifanta da fayilolinta. A can sai an fara sa sitabilaiza mai jinkirta wuta, ko UPS mai batir lafiyayye, kafin a taɓa bayos.