Tallafi

Yara, kullum kuna jin kalmar tallafi a rediyo. To, kun san inda ta samo asali?

Ku dubi mace sa'ad da za ta ɗauki jariri sabon haihuwa. Wuyansa bai yi ƙwari ba tukuna, saboda haka sai ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin ƙeyarsa don kada kan ya langaɓe. Wannan shi ne tallafa, waɗansu kuwa su ce tallaba. Daga nan ne aka sami ɗan tallafi, watau yaron da mutum ya karɓa daga 'yan'uwansa ya rena kamar nasa.

Kada ku gama ta da tokara. Idan katanga ta tsage da damina, maigida yakan kawo gwafa ya tokare ta. Katangar ba ta ƙara ƙarfi ba, ranar da aka zare gwafar za ta zube. Jariri kuwa, cikin 'yan watanni wuyansa ya tsaya, uwa ta janye hannunta. Itace shi ke tokara, amma tallafa sai mai rai, wanda ya san inda nauyi yake, ya kuma san lokacin saki.

Yanzu kalmar ta shiga bakin hukuma. Shekara da shekaru gwamnatin Nijeriya tana biyan wani kashi na kuɗin man fetur domin ya yi araha, ana ce da wannan tallafin mai. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an daina. Nan da nan kuɗin mai ya ninka fiye da biyu, na mota da na hatsi suka bi shi. A ganina wannan tokara ce aka yi ta kira tallafi, gama da aka zare gwafa, sai ga katanga yadda take tun farko.

Akwai kuma masu raba mudun shinkafa gab da zaɓe, su ce tallafi ne. Haba! Shinkafa ta ƙare ran nan, mai karɓa yana nan inda yake. Amma manomin da aka ba taki da iri a kan kari, ko yarinyar da aka biya wa kuɗin makaranta har ta gama, waɗannan an tallafe su, domin manomin zai cika rumbunsa da kaka, yarinyar kuma wata rana ita za ta biya wa ƙanenta.