Masu kashe wutar daji: wa ke kula da su?

Kaka ta yi, ciyawa ta bushe, iska ta taso. Daga Abalak har Bermo da Tanut, kowane makiyayi ya san ɓarnar da wutar daji ke yi wa cimakar dabbobi cikin dare guda. Amma ba mu cika zancen masu shan gabanta ba.

Mu dubi Amurka. Can, ma'aikacin gwamnati mai kashe wutar daji yakan yi awa 16 a yini, kwana 14 a jere, yana kwana ƙasa, yana shaƙar hayaƙi. Duk da haka, kafin 2021 sabon shiga bai samun dalar Amurka 15 a awa. A kunnenmu kuɗi ne masu yawa, amma can hayar gida ke cinye su. Ƙwararru suka dinga barin aikin. A 2021 aka yi musu ƙari na ɗan lokaci, sai a watan Maris na 2025 majalisa ta tabbatar da shi. A 2022 kuma doka ta amince cewa wasu cututtukan sankara da na huhu daga aikin suke.

To, mu fa? Ma'aikatanmu na gandun daji da mutanen karkara da rassan itace suke tarar wuta. Muna roƙon hukuma ta ba su takalma, abin rufe hanci da motar ruwa. Ta biya masu sharar hanyoyin tare wuta kafin ciyawa ta bushe. Wanda ya ƙone kuwa, a yi masa magani kyauta.