Waya bisa kanmu, duhu cikin rugga

Ƴan uwa makiyaya da fataken bisashe, ku ɗaga kai in kun bi hanyar Doso. Wayar kuran da ta taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, bisa garkenmu take wucewa. Wa ya tambaye mu kafin a kafa turakunta?

In za a ja layi, mai gona ake nema a ba shi diyya. Burtali da makiyaya kuwa, sai a ce daji ne, ba mai shi. Alhali dokar 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙinmu ne.

Duk lokacin zaɓe mun sha alkawali. Tandja ya aza tubalin Kandaji a 2008, amma da Najeriya ta yanke kuran a 2023, madatsar ba ta kunna ko ƙwai ɗaya ba. Zaɓe ya wuce, nononmu yana lalacewa, allurar dabbobi ba firji.

Mu dai buƙatarmu guda ce: kafin NIJELEK ta shata sabon layi, hukumar da ke sa mata ido ta zaunar da ardo da taswira gabansa. Ba a aske kan mutum ba ya nan!