Kafin a Nufi Bakin Teku: Guzurin da Matashin Mahuta Ya Fi Bukata

Mahuta unguwa ce a kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a maƙwabtaka da matatar man da aka buɗe a 1980. Tun asali arzikin wannan yanki a ɗaure yake da bakin teku, domin ɗanyen man da matatar ke tacewa ta bututu yake hawowa daga yankin Warri. Da matatar ta shafe shekaru ba ta aiki, masaƙun Kakuri kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ciki har da KTL wadda ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, sai akalar ta juya. 'Ya'yan ma'aikatan jiya su ne ke ɗaukar jaka a yau suna nufar Legas da Fatakwal da Warri, wasu ma su zarce Kwatano da Akara.

Guzurin da akan haɗa wa irin wannan matashi bai cika wuce kuɗin mota da lambar wayar wani aboki da ya riga shi tafiya ba. Wannan guzuri ya yi kaɗan. Wanda ya ƙaura zuwa bakin teku baƙo zai zama, baƙunta kuwa ilmi ce mai zaman kanta. Magabata sun tanadi wannan ilmi a cikin tsarin zango, tsarin ya yi rauni, kuma har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba.

Yadda magabata suka tafi Kurmi

Hausawa sun daɗe suna nufar ƙasashen da suke kira Kurmi. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, inda akasari suke tsayawa, saboda tsando na hallaka jakuna da dawakai a cikin dajin da ke gaba, sarakunan Asante kuma ba su yarda baƙi su kutsa ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, Salaga kuma ta wargaje a yaƙin basasar 1892, sai cinikin ya gangara gaɓar teku. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, layin dogo kuma ya isa Kano a 1911 ya taƙaita tafiyar watanni zuwa ta kwanaki.

Abin lura shi ne babu falken da ke sauka a garin da ba shi da maigida. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Badun, ya nuna yadda maigida ke ba baƙo masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi shanunsa bashi. A bisan masu gidaje akwai Sarkin Hausawa, wanda ke magana da sarkin gari a madadin baƙi. Wato kafin mutum ya kwance kayansa ya riga ya san inda ba a shiga, da wanda ba a yi wa gardama, da watan da ruwa ke cin hanya. Da ɗan gari akan ci gari, maigida kuwa shi ne ɗan garin baƙo.

Zangunan suna nan a Agege da Idi-Araba da Obalende, da Nima da Sabon Zango na Akara, sarakunan Hausawa ma suna nan. Sai dai yawan masu zuwa ya fi ƙarfin tsarin, kuma mafi yawansu ba da shanu ko goro suke zuwa ba, balle wani maigida ya ga ribar ɗaukar nauyinsu. Ƙarfin jikinsu kawai suke kawowa: acaba, gadi, dako, ga-ruwa, jari-bola. Irin wannan baƙo shi kaɗai yake koyon gari, kuma sau da yawa sai ya yi asara sannan ya koya.

Sanin ruwa da ƙasa

Darasi na farko na yanayi ne. Kaduna tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga doron teku, daminarta ɗaya ce, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, sannan hunturu ya zo ya busar da komai. Legas kuwa sassanta da dama kusan daidai suke da doron teku. Ruwanta ya fi tsanani a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Danshi ba ya barin iska. Hatsin da zai shekara a rumbu a Arewa fumfuna yake yi cikin makonni, iskar gishiri kuma tana sa tsatsa ta ci babur da keken ɗinki. Zazzabin cizon sauro da ɗan Arewa ya saba gani da damina, a can ba ya da lokaci. Rijiya ma ba abin dogaro ba ce, domin ruwan ƙasa kusa yake, yana haɗuwa da na gishiri da na masai. Ɓarkewar kwalara da aka yi a Legas a Yunin 2024 ta tuna wa kowa haka.

Wannan ya shafi zaɓen ɗaki kai tsaye. Mai zuwa da rani yakan ga ɗaki mai araha ya biya, bai san cewa arahar tasa ta fadama ce ba. Ambaliyar 10 ga Yulin 2011 ta shanye unguwanni da dama a Legas. A Akara, ambaliyar 3 ga Yunin 2015 da gobarar gidan mai da ta biyo ta sun kashe fiye da mutum 150, kuma cikin makonni kaɗan hukuma ta rushe wani ɓangare na unguwar Old Fadama, inda baƙi daga arewa suka fi yawa. Sunan unguwar kansa Hausa ne, kuma gargaɗi ne ga duk mai jin harshen. Talakan bakin teku ruwa na korarsa, hukuma ma na korarsa, domin filin da ya cike da hannunsa yakan yi daraja daga baya. Haka aka rushe Maroko a Yulin 1990, da Otodo Gbame a 2016 da 2017, aka kuma tashi mazauna Tarkwa Bay a Janairun 2020. Saboda haka tambayar da ta kamata kafin a biya kuɗin haya ita ce: ina ruwa ya tsaya a jikin wannan bango a bara, kuma wa ke da takardar filin?

Sanin doka

Darasi na biyu na doka ne. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Amma wannan 'yanci bai hana jiha ta tsara sana'o'inta ba. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 Gwamnatin Legas ta hana acaba da keke mai ƙafa uku a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, ta sake ƙarfafa haramcin acaba a Yunin 2022, ta ƙara wasu huɗu a Satumba. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Matashin da ya sayar da gonar gado ya sayi babur ya ɗora a tirela bai san da wannan ba, jarinsa na iya ƙarewa a mako guda. A Agustan 2019 ma an tsare mutum 123 daga Jigawa da baburansu a Legas, kafin daga baya a sake su.

Haka nan dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a mafi yawan sassan jihar, amma wanda bai san dokar ba ba zai nemi ta kare shi ba. Akwai kuma kuɗin dillali da na yarjejeniya, da harajin 'yan tasha, da waɗanda Yarbawa ke kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, masu neman kasonsu a wurin duk mai gini. Wanda zai ƙetare iyaka kuwa ya sani cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ne kawai ba tare da biza ba, ba ta ba shi izinin zama na dindindin ba. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Gana a 1969 ta rutsa da mutanen zango da aka haifa a can, Nijeriya ma ta yi irin wannan kora a 1983.

Sanin sunan da za a kira shi

Darasi na uku shi ya fi shafar masu nazarin Hausa. Kudancin birnin Kaduna matattara ce ta Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Hausawa da Fulani da mutanen Kudu, musamman tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da ya sa mazauna birnin suka rarrabu a ɓangarori biyu na kogi. A nan Hausa harshen kasuwa ne da na maƙwabtaka, kuma harshen ibada ne a majami'u da yawa, domin tun 1932 aka fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa zuwa Hausa. Matashin Mahuta na iya tashi da Hausa a bakinsa alhali bai taɓa ɗaukar kansa Bahaushe ba. Ranar da ya sauka a Legas wannan bambanci ya ɓace. Da shi da Bazabarmen Dosso da Babarbaren Maiduguri duk Hausawa ne a idon ɗan gari, duk kuma aboki ake kiransu, kalmar da ta fita daga ma'anar zumunci ta koma ta raini a bakin mutane da yawa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Rundunar da John Glover ya kafa a Ikko a 1863 da sunan Hausawa ta ƙunshi mutanen da ba Hausawa ba ne ta jini, kuma zangunan Gana cike suke da Mosi da Kotokoli da Wangara masu magana da Hausa. Sunan yana da amfani, domin yana buɗe ƙofar zango da ta kasuwar Mile 12 ga duk mai jin harshen. Yana kuma da haɗari, domin idan rikici ya tashi ba a tambayar ƙabila ko addini. Rikicin Ketu na Nuwamban 1999, da na Idi-Araba na Fabrairun 2002, da na Mile 12 na Maris ɗin 2016 sun nuna haka. Hanyar ma ba ta tsira ba: a Maris ɗin 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna komawa Kano daga Jihar Ribas. Saboda haka ya wajaba mai ƙaura ya riƙe katin shaidarsa, ya gabatar da kansa ga shugabannin 'yan Arewa na unguwar da ya sauka, ya kuma koyi gaisuwa da ciniki cikin harshen masu gari, domin maƙwabcin da ya san sunansa ya fi wanda ya san shi da aboki kawai saurin ɓoye shi ranar tashin hankali.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce irin wannan bayani tsoratarwa ne, alhali dubban 'yan Arewa sun yi arziki a bakin teku. Gaskiya ne, kuma babu misalin da ya fi na Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, wanda matatarsa ta Lekki aka ƙaddamar a Mayun 2023 yayin da ta maƙwabtan Mahuta ke kwance. Amma misalin yana ƙarfafa hujjar ne, domin Ɗangote ya tafi Legas da jari da dangi da sanin hanya na zuriya huɗu. Matashin Mahuta ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma sanin hanya ne kaɗai za a iya ba shi kyauta. Hana shi tafiya ba zai yiwu ba muddin babu aiki a gida.

A nan ne nauyi ya hau kan sassan nazarin Hausa. An yi rubutu mai yawa a kan fatauci da zango, tun daga aikin Mahdi Adamu na 1978 da na Paul Lovejoy na 1980, amma mafi yawansa da Ingilishi yake, kuma a kan zamanin goro da shanu. Ɗan acaban Ojo da mai gadin Lekki da mai jari-bolar Fatakwal suna da kalmominsu da labaransu da dabarun zamansu, kuma sun cancanci a tattara su kamar yadda aka tattara na fatake. Idan aka yi haka, za a iya mayar da sakamakon cikin Hausa mai sauƙi, a watsa a rediyo da wayoyin hannu da tashoshin mota da masallatai da majami'u. Aikin kuma ya haɗa da masu jin Hausa waɗanda ba Hausawa ba, domin a bakin teku makoma ɗaya suke da ita. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya sami wanda zai tambaya kafin motar ta tashi daga Kaduna.