Tukunyar Bahaushe a Bakin Teku

A unguwar New Bell ta birnin Duwala, akwai wani abu da yakan faru a gidajen Hausawa. Yarinya ta biya gidan ƙawarta bayan an tashi daga makaranta, sai uwar ƙawar ta ba ta jatan lande a ƙunshe cikin ganye, ta ce ta kai gida. Kaka na buɗewa sai ta yamutsa fuska, ta ce: "Ke 'yar nan, wane irin ƙwaro ne kika kwaso mana? Mu ba mu gaji cin wannan ba. Maza fitar da shi!" Shi ke nan, kyanwa ta samu kalaci. Da dare kuwa sai a ci tuwo da miya lami, domin kuɗin cefane bai kai na nama ba.

Kaka ba mugunta ta yi ba. Ta tashi ne a inda ba a san jatan lande ba. Amma duk da haka an yi asara. Ya kamata gidan Bahaushe da ke Duwala ya koyi dafa abin da Allah ya wadata wurin da shi, wato kifi da jatan lande da ƙaguwa da ganyaye iri-iri, ya haɗa su da girkin da ya gada.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan birni. A shekarar 1914 Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogi, suka ce su koma wani sabon wuri da aka kira New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda da wannan ƙwace, har aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya unguwar ta cika da baƙi, irin su Bamileke da Basa da Ewondo da Hausawa. Hausawa sun zo da fatauci da fawa, suka gina masallatai, suka hayayyafa. Tsiren da ake kira soya a titunan Duwala daga kalmar suya ya samo suna. Tun da mutanen gari sun karɓi tsiren Bahaushe hannu biyu, me zai hana Bahaushe ya ɗanɗana miyarsu?

Dalili na farko shi ne ƙasar kanta. Ruwan da ke sauka a Duwala ya haura milimita 3,000 a shekara, na Kano kuwa bai cika 1,000 ba. Gero ba ya son irin wannan ruwa, kuka ma ba itacen kurmi ba ce. Da yawa daga cikin shanun da ake yankawa a birnin daga Adamawa ake kawo su, kuma tsakanin Ngaundere da Duwala akwai tafiyar fiye da kilomita 800. Duk abin da ya yi doguwar tafiya, mai saye ne zai biya kuɗin motarsa. Kifi kuwa ga shi nan kusa. Masunta na sauke shi a kasuwar Yupwe, mata na bi da bandar bifaka da busasshen jatan lande kasuwa-kasuwa. Hasali ma, sunan ƙasar daga wannan ɗan halitta ya fito. Wajen shekarar 1472 matuƙan jirgin ruwa na Fotugal suka iso kogin Wuri, suka tarar da jatan lande birjik, suka sa masa suna Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Daga nan aka samu sunan Kamaru.

Dalili na biyu shi ne lafiyar jiki. Yaro mai tasowa yana bukatar abinci mai gina jiki, kuma kifi da jatan lande da ƙaguwa na gina jiki kamar yadda nama ke yi. Abincin teku na ɗauke da sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, ya kuma rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro. Ƙananan busassun kifaye da ake dakawa har da ƙayarsu na ƙarfafa ƙashi da haƙori. Koren ganye da hanta na ƙara jini. Manja kuma na taimaka wa ido. Ɗalibin da ya ci tuwo da miya lami zai ƙoshi, amma jikinsa bai samu duk abin da yake nema ba.

Wasu kan ce addini ne ya hana. Wannan ba haka ba ne. Hausawa mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma a wannan mazhaba abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ba ya bukatar yanka. Wanda ke shakka, ya tambayi liman ko malamin makarantar allo. Wasu kuma kan ce siffar ce ba ta yi musu ba. To, ai a Maraɗi da Katsina ana soya fāra a barbaɗa mata yaji, yara na rububinta. Mutumin Duwala da ya fara ganin fāra a faranti shi ma zai yamutsa fuska. Ƙyamar duk ta rashin sabo ce.

Akwai masu tsoron kada abincin kakanni ya ɓace. Wannan tsoro yana da hujja, domin duk wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai ba a ce a daina tuwo da miyar kuka da daddawa ba. Tukunyar Bahaushe ta daɗe tana karɓar baƙi. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan shekarar 1500. Yau wa zai ce ƙuli-ƙuli baƙo ne? Cokali biyu na dakakken jatan lande a miyar kuɓewa ba zai hana ta zama miyar kuɓewa ba, sai ma ya ƙara mata armashi.

Amma fa abincin teku yana da sharaɗi, domin a zafin Duwala ba ya jimawa yake lalacewa. Kifi mai kyau idonsa garau yake, cikin kunnensa ja wur, namansa da tauri. In an danna shi da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, a bar wa mai shi kayansa. Ƙaguwa da ranta ake sayenta, a tafasa ta kamar minti 20. Jatan lande kuma a ɓare ɓawonsa, a tsaga bayansa a zare baƙin zaren da ke ciki, a wanke. Minti kaɗan ya ishe shi a wuta. Da ya yi ja ya nuna, in ya daɗe sai ya yi tauri kamar roba. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa. Wanda ya ci ya ga ƙuraje, ko leɓɓansa suka kumbura, ko numfashinsa ya yi wuya, a garzaya da shi asibiti, kuma kada ya sake ci.

Ganyaye ma kowanne da yadda ake bi da shi. Ndole, miyar da Duwala ke alfahari da ita, da shuwaka ake yin ta, ganyen da Bahaushe ya sani tun a gida. Ana tafasa shuwakar da 'yar kanwa, a wanke a matse sau da yawa har ɗacin ya ragu. A dafa ɗanyar gyaɗa da aka cire wa ɓawo, a markaɗa ta da albasa da tafarnuwa da citta, a zuba cikin romon nama. In ta yi kauri a sa shuwakar. Daga ƙarshe a soya jatan lande da albasa a juye a kai. Da 'yar tsokar nama kaɗan sai gida duka ya wadatu. Mutanen gari na cin ta da miyondo, wato rogon da ake naɗewa a ganye, ko da agada. Da tuwon shinkafa ma tana tafiya daidai. Ganyen rogo yana da guba in ɗanye ne, saboda haka sai an daka shi lilis, an tafasa shi sosai. Folon kuwa alayyahu ne, shi ba ya son daɗewa a wuta. Akwai kuma njansan, wasu 'ya'yan itacen kurmi masu maiƙo, waɗanda ake niƙawa a ɗaure miyar kifi da su.

Tsabta ita ce gaba da kome. A shekarar 2004 annobar kwalara ta kama dubban mutane a Duwala, kuma gurɓataccen ruwa da ƙazamin abinci ne manyan hanyoyinta. Mai girki ya wanke hannu da sabulu kafin ya fara. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ko kifi kada ta taɓa latas da tumatir sai an wanke ta. A dafa nama har jan cikinsa ya ɓace. A rufe abinci saboda ƙuda, a kuma tafasa miyar da ta kwana kafin a ci. Rigakafi ya fi magani.

Wa zai kawo wannan sauyi? 'Yan makaranta ne. Su ke zama benci ɗaya da 'ya'yan Duwala da Basa da Bamileke, su ke jin Faransancin da ake ciniki da shi a kasuwa. Yarinya na iya tambayar uwar ƙawarta yadda ake wanke shuwaka, ita kuma ta nuna mata yadda ake dambun zogale. Yaro namiji ma kada ya ce girki na mata ne, domin masu gasa soya a bakin titi ai maza ne. Sai dai a bi manya da ladabi. In Kaka ta ƙi yau, gobe a ce: "Kaka, don Allah ki ɗanɗana ko loma ɗaya ce." Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Daga ina sunan Kamaru ya samo asali?
2. Me ya sa naman shanu ke tsada a Duwala?
3. Ta yaya ake gane kifi mai kyau?
4. Waɗanne abinci ne suka zo wa Hausawa daga nahiyar Amurka?
5. Kowane ɗalibi ya tambayo a gida yadda ake miya ɗaya, ya rubuta ta da Hausa da Faransanci.