Waƙar Gicciye Ba Ta Tsufa a Majami'un Zamfara Ba

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin matasan mawaƙan coci a Arewa: wai waƙoƙin da ke magana kan gicciye, da jinin Almasihu, da tuba, sun zama tsohon yayi, suna kashe jikin masu sujada. Abin da ake nema yanzu shi ne waƙar buɗi da nasara da ɗaukaka, da kiɗa mai sa rawa. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma Zamfara na cikin wuraren da kuskurensa ya fi fitowa fili.

Tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sujadar Kiristocin Arewa ta ginu ne kan hadaya da fansa. Littafin Waƙoƙi, wanda ake amfani da shi a ECWA da sauran ikkilisiyoyi, cike yake da irin waɗannan waƙoƙi. Matan Zumunta ma, da tulunsu da kacau-kacau, da waƙoƙin nan suke koya wa wanda bai iya karatu ba ginshiƙin bangaskiya. Markus 10:45 ya bayyana mutuwar Yesu a matsayin fansar mutane da yawa, Jibin Ubangiji kuwa tunawa ce da wannan mutuwa. Ikkilisiyar da ta daina rera wannan ta cire tushen abin da take wa'azi.

Masu wancan ra'ayi suna cewa jama'a sun gaji da baƙin ciki, farin ciki suke nema. Gajiyar gaskiya ce. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suna addabar jihar. Matafiya kan bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe da fargaba. A Satumbar 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Iyalai, Musulmi da Kirista, sun sayar da gona da shanu don karɓo 'yan'uwansu. Mutumin da ya sha wannan ɗaci ya san nauyin a biya don ran wani. Waƙar da ke yi masa alkawarin mota da gida ba ta taɓa ciwonsa. Wadda ke gaya masa cewa Mai Ceto ya sha wuya, an zalunce shi, ya kuma yafe, ita ce ke ba shi ƙarfin jimrewa, ta hana shi ɗaukar fansa.

Jita da ganga ba su da laifi, yabo da murna ma suna da wurinsu, don bayan gicciye akwai tashin Ista. Laifin yana ga tsallake wahalar a faɗa kan ladan.

Ya wajaba fastoci da shugabannin mawaƙa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu su duba kalmomin waƙa kafin su duba daɗin kiɗanta, su koya wa yara tsofaffin waƙoƙin fansa, su kuma ƙarfafa matasa su tsara sababbi a kan wannan tushe.